A Koya wa Malaman Gona Sauraron Mutanen Gari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin kwalejojin aikin gona da jami'o'inmu kan irin horon da ake bai wa matasan da za a tura ƙauyuka.

Na daɗe ina aikin malamin gona, kuma abin da ya fi damuna shi ne ana yaye ɗalibi ya san taki da iri da maganin feshi, amma ba a taɓa koya masa yadda zai zauna da mutanen gari ya saurare su ba. Sai ya isa ƙauye, ya gaida mai unguwa, ya tara magidanta a gindin bishiya, ya karanta musu abin da aka riga aka yanke a ofis. Na taɓa ganin famfon tuƙa-tuƙa da aka kafa daf da majalisar maza, har masu ɗebo ruwa suka riƙa jin nauyin zuwa wurin. Da ya lalace kuwa babu wanda ya kula, domin sunansa a bakin kowa "famfon gwamnati".

Tafiya da jama'a cikin shawara aiki ne da ake koya a aikace. Ana miƙa wa mutane sanda su zana taswirar garinsu a ƙasa, su nuna rijiyoyi da burtali da inda ruwa ke kwanciya da damina. Ana ba su tsakuwa su ɗora a kan kowace matsala gwargwadon yadda ta dame su. Ana zama da mata daban a cikin gida ta hannun mace 'yar'uwarsu, sannan a bi makiyaya har ruga, su da aka saba mantawa da su a irin waɗannan taruka.

Muna da abin koyi a kusa. Tsarin asusu na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, ya ɗore ne saboda matan su ke riƙe da akwatin kuɗinsu, su ke kuma kafa dokokinsu. Shirin Fadama na tallafa wa manoma a Nijeriya ma ya nemi ƙungiyoyin manoma su tsara bukatunsu da kansu kafin a saki kuɗi.

Saboda haka ina kira ga makarantun nan da cibiyar NAERLS ta Zariya, mai aikin wayar da kan manoma, da su sa kowane ɗalibi ya yi makonni yana kwana a ƙauye kafin a yaye shi, a gudanar da horon da harshen da mutanen wurin ke ji, kuma mutanen garin su faɗi albarkacin bakinsu kan aikinsa kafin a ba shi maki.

Naka,
Tsohon malamin gona, Funtuwa