Toka Ba Ta Faɗin Sunan Mai Ita

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya, da uwargida da yara. Yaya ƙurar Zariya? Mu nan arewacin Ingila sanyi ne ya sa mu gaba, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, la'asar da magariba kamar su haɗu a alwala ɗaya.

Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi sau uku, har da dariyar nan taka ta ƙarshe da ta ƙi tsayawa. To, wanda ya kai maka labari bai yi ƙarya ba. Aikin da nake yi ke nan shekara uku: ƙona gawar karnuka da kyanwoyi, in zuba tokar a ɗan akwati in miƙa wa masu su. Na zaɓi in rubuto maka ne don na san halinka, a waya ba za ka bar ni in kai aya ba.

Ni ma ranar da na fara, dariyar na yi a zuci. Mu da muka tashi in kare ya mutu yara su ɗaura masa igiya a ƙafa su ja shi zuwa juji, angulu ta ƙarasa sauran. Ga ni a gaban wata mata mai furfura tana rungume da bargo, tana kuka wiwi, a cikin bargon kuma mage ce. Abin da ya fara kashe mini dariyar shi ne da na ji shekara 17 suka yi tare, su biyu rak a gida, 'ya'yanta sai Kirsimeti suke leƙo ta. A wajenmu tsohuwa tana da jikoki da kishiyoyi da maƙwabta masu shigowa aron rariya. Ita wannan magen ce duk waɗannan.

Kuma kada ka ɗauka sabon salo ne. Tun 1881 aka binne wani kare mai suna Cherry a ɗan lambun mai gadin ƙofar Hyde Park a Landan, daga nan wurin ya zama maƙabartar dabbobi. A Amurka akwai ta Hartsdale kusa da New York tun 1896, wani likitan dabbobi ne ya fara ta a gonarsa, har yau tana aiki. Ta bakin birnin Faris kuma 1899. Yanzu dai ƙasa ta yi tsada, mutane da yawa haya suke zaune, ba su da filin da za su haƙa rami, don haka ƙonawa ta fi yawa.

Ga yadda yinina yake. Da sassafe nakan ɗauki mota in zaga asibitocin dabbobi, don mafi yawan aikinmu ta hannun likitoci yake zuwa. Kowace dabba tana cikin jakarta da takarda a ɗaure: sunanta, sunan mai ita, da irin ƙonawar da aka biya. Da mun dawo sai a auna nauyi, a rubuta a rajista, a sa a ɗakin sanyi. Kafin nan sai na bi bayan wuyanta da wata 'yar na'ura. A nan doka ta tilasta a dasa wa kowane kare wata ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Tun 2016 aka wajabta ta ga karnuka, kyanwoyi kuma a Ingila tun watan Yunin 2024. Lambar da na'urar ta nuna dole ta zo daidai da ta takarda. Daga nan sai a ba dabbar wani ɗan faifan ƙarfe mai lamba, kamar tsohon kwabo, wanda wuta ba ta cinsa. Da shi za ta shiga, da shi tokarta za ta fito.

Murhun da gas yake aiki, ɗaki biyu gare shi. A na farko gawar take, na biyu kuma hayaƙin yake sake ƙonawa. Ƙa'ida ita ce hayaƙin ya kai digiri 850 ya zauna a haka daƙiƙa biyu kafin ya fita, shi ya sa in ka tsaya a waje ba ka jin ƙauri. Hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai, APHA, ita ke ba da izini, kuma ma'aikatanta kan zo su duba rajista da ma'aunin zafi. Mage ba ta cika wuce awa ɗaya ba, ƙaton kare kan ci awa biyu ko fiye. Abin da ke saura ba toka ba ce irin ta murhun Hajiya, ƙashi ne fari da ya yi gautsi. In ya huce sai a bi shi da maganaɗisu a tsince ƙarafa, a zuba a wani inji kamar na niƙa, ya fito kamar yashi. Kare mai kilo 30 da ƙyar zai ba ka abin da ya wuce kilo ɗaya.

Wani abin da zai ba ka mamaki: a idon doka gawar nan shara ce, cikin rukunin ragowar dabbobi da ba a yarda su koma abinci ba ake lissafa ta. Abin da ya dami hukuma shi ne cuta da hayaƙi. Ko tokar da na ba ka ta karenka ce ko ta wani, mai duba murhu ba wannan ya kawo shi ba. A nan sana'ar take, mutumina, sauran duk aikin ƙarfi ne.

Toka ba ta da fuska. Ta kare da ta mage da ta zomo duk launi ɗaya ne, wutar kuma ta cinye duk abin da za a iya gwadawa a gane. Mutum ya kawo maka abin da ya fi ƙauna, ya juya ya tafi, bayan kwana uku ka miƙa masa ƙunshi ka ce ga shi. Ba shi da yadda zai yi ya tabbatar. Ka tuna mahautan nan da muke cewa sai wanda ka yarda da yankansa? To, ko mahauci kana iya tsayawa a kansa ka ga wuƙa.

Iri biyu muke yi. Akwai ta kaɗaici, dabba ɗaya a murhu, a share shi tas da burushi kafin a sa wata, a mayar maka da tokarka. Wannan takan kama daga fam ɗari da wani abu zuwa wajen 300, gwargwadon nauyi da irin akwatin. Akwai kuma ta taro, a haɗa da yawa, ba a mayar wa kowa komai, kuɗinta kaɗan ne. Duk biyun halal ne in an faɗa wa mutum gaskiya. Ɓarnar tana tsakiya. Inda na fara aiki, ba zan kama suna ba, maigidan yakan jera dabbobi huɗu ko biyar a murhu ɗaya, ya gitta bulo a tsakaninsu, ya sayar da sunan ta kaɗaici. Gas ɗin da zai ƙona ɗaya ya ƙona biyar, ka ga riba. Amma wutar nan da iska ake hura ta, guntayen ƙashi tashi suke suna ƙetare bulon. Na yi masa magana, ya ce da ni, "Wa zai sani?" Ban ba shi amsa ba don ina neman kuɗin haya. Wata biyar na yi ina sa hannu a takardun shaida da cikina ke ƙullewa a kansu, har Allah ya buɗa mini inda nake yanzu. Har yau abin yana cina, ban taɓa gaya wa kowa ba sai kai.

Nasa ma mai sauƙi ne. A 2011 kotu ta ɗaure wata mata a yankin Derbyshire, bayan an tsinci gawarwakin karnuka a yashe a gonaki, alhali tuni ta karɓi kuɗi ta miƙa wa masu su toka. Ƙwayar shaidar nan ta wuya ce ta taimaka aka gano mai dabbar. Saboda irin wannan ne, tun kafin wannan shari'ar ma, masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu, APPCC, da ƙa'idar cewa in ka ce ta kaɗaici to dabba ɗaya tak kake nufi. Sai dai shiga ƙungiyar ganin dama ne.

Matar da nake wa aiki yanzu tana da wata al'ada da ta fara ba ni haushi, daga baya na kama ta hannu bibbiyu. Ba a cewa "kawo na ukun nan" ko "babban baƙin can". Sunan dabbar ake kira, ko da ba kowa a wurin sai mu biyu. Da farko na ɗauka tsirfa ce irin ta Turawa. Ashe dabara ce: wanda ke kiran suna yana duba takarda, wanda ke duba takarda ba ya musanya. Rannan baƙaƙen kyanwoyi biyu suka zo daga asibiti ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya, takardar ɗayar ta jiƙe ta goge. Ɗaya ce kawai ke da ƙwayar shaida, ita ma lambar ba ta cikin takardunmu. Aiki ya tsaya cak, murhu na cin gas a banza, sai da muka samu likitan a waya ya buɗe kwamfutarsa ya faɗa mana wacce ce wacce. Awa biyu muka yi asara. Ko a fuska ba ta nuna ba.

Bari in ba ka labarin wani dattijo. Ya kawo karensa da kansa a bayan mota, ya shimfiɗa masa tsohuwar rigarsa. Muna da ɗan ɗaki da kujeru biyu da fitila marar haske sosai inda mutum zai yi sallama. Na goge wa karen fuska, na rufe masa baki, na gyara masa kwanciya kamar mai barci, na bar su. Ya yi kamar minti ashirin. Da ya fito ya ce yana so ya ga an sa shi a murhu da idonsa, muka ce bismilla, don duk mai wannan sana'a da ya hana ka kallo, ka ɗauki dabbarka ka yi gaba. Ya ga murhun fayau ba komai, ya ga an rufe, ya tafi. Da yamma ina tsince ƙashi sai ga wani ɗan ƙarfe mai huda-huda da kusoshi shida, irin wanda likitoci ke ɗaure karaya da shi, ya yi baƙi amma bai narke ba. Na wanke shi na sa a 'yar leda daban. Washegari da ya zo, kafin ya taɓa akwatin sai ya ce, "Ba ku ga wani abu a ƙafarsa ba?" Na miƙa masa ledar. Ya juya ta a tafin hannu, ya ce mota ce ta buge karen yana ɗan shekara biyu, matarsa ce ta dage sai an yi aikin, ita ma bara ta rasu. Bai gaya mana zancen ƙarfen ba da gangan. Duk da ya ga an rufe murhu, sai da ya ɗana mini tarko, kuma ban ga laifinsa ba.

Na san tambayar da ke bakinka, ta addini. Ni ba malami ba ne. Abin da muka karanta a zaure tare shi ne mushe najasa ne, don haka safar hannu da rigar aiki ba sa rabuwa da ni, kayan salla kuma suna cikin jaka daban. Mai rai ba na sa wa wuta, wannan ma ba a yi. Sauran kuma, in zuciyata ta yi nauyi, nakan tuna matar da aka ce ta shiga wuta saboda mage da ta kulle, da mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ji tausayin dabba. Ka tuna yadda mafarautan unguwarmu ke yini ba walwala in karen farautarsu ya mutu, ko ranar da dokin kakanka ya faɗi, tsohon ya ƙi cin tuwo?

Amma akwai inda nake tsayawa. Ana narka toka a gilashi a yi zobe, ana yin akwatuna masu tsadar da za ta ciyar da gida guda a Tudun Wada wata biyu. Mai makoki ba ya ciniki, duk abin da ka nuna masa zai ce a ba shi, yana ganin in ya zaɓi mai araha ya ci amanar dabbarsa. Ni kullum da mai arahar nake farawa, kwali ne mai zanen furanni, in ce masa toka dai ɗaya ce. Da yawa ma ba su san suna da zaɓi ba: likita ya miƙo takarda suna cikin hawaye, su sa hannu, ba su san asibitin yana da nasa kaso ba, ko ma kamfanin da ya mallaki asibitin shi ya mallaki murhun. Manyan kamfanoni shida ne ke riƙe da kusan kashi 60 cikin ɗari na asibitocin dabbobi a ƙasar nan, kuma a 2024 hukumar da ke kula da gasar kasuwanci, CMA, ta buɗe bincike a kan harkar, har da batun ƙonawa. Wanda kuma yake da gidan kansa ya ce zai binne a lambu, ba na hana shi don in sami ciniki. Ina dai ce masa ya zurfafa ramin sosai, saboda allurar da likita ke yi wa dabba don ta huta tana zama a jikinta, in yanyawa ta tono ta ci ita ma za ta iya bi.

To ka ji. In ka ga dama ci gaba da kirana Sarkin Toka, na ma fara sabawa. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka gaya wa Inna tukuna. Ita dai ta san ina aiki da likitocin dabbobi, kuma ba ƙarya ba ce. In Allah ya kawo ni da babbar salla zan zaunar da ita in yi mata bayani da kaina, bayan ta ci ta ƙoshi.

Yaron nan da zai taho karatu a watan gobe, kada ka ba shi kilishi, a filin jirgi za a ƙwace, nama ba ya shigowa. Yaji da kuka da daddawa sun isa, a ƙulle daddawar da kyau don Allah. Ka gaida Hajiya, ka ce ina neman addu'a. Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
abokinka na zaure