Hannun mahaifina da zomayen Farfesa Carlsson

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini don in yi magana kan wani bawan Allah ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, masanin da bincikensa ya kai ga maganin cutar Fakinsan, wanda ban taɓa gani ba, amma aikinsa na shiga gidanmu sau uku kullum.

Mahaifina tela ne. Shekara arba'in yana kan keke, kuma ko da magariba ta kawo kai yana iya zura zare a allura ba tare da ya nemi fitila ba. Abin ya fara ne daga hannun dama. In ya zauna shiru, sai babban yatsa da manuni su riƙa gogar juna kamar mai jan carbi, alhali babu carbin. Da ya miƙa hannun ya ɗauki kofi, sai rawar ta lafa. Daga baya takunsa ya gajarce, fuskarsa ta daina nuna fara'a, tashi daga sujada ya zama aiki. Wasu suka ce sammu ne daga abokan sana'a, wasu suka ce tsufa ne kawai. Mun yi shekara biyu muna yawon neman magani, kuɗi ya tafi, kafin wani likitan ƙwaƙwalwa ya sa shi ya yi tafiya a gabansa, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu, ya ce cutar Fakinsan ce.

Tun 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya bayyana alamunta, amma an yi shekara ɗari da arba'in ba a san abin da ya ɓace a jikin mai ita ba. A 1957, a Jami'ar Lund, Carlsson ya ba zomaye wani maganin hawan jini mai suna risafin. Suka sandare, kunnuwansu suka zube, suka kasa motsi. Sai ya yi musu allurar lebodofa, maganin da jiki ke juyawa zuwa wani sinadari mai suna dofamin, ba a jima ba suka miƙe suna tsalle. Daga nan ya nuna cewa dofamin, sinadarin da masana suka ɗauka ba shi da wani aiki na kansa, shi ne ɗan aiken da ke kai saƙon motsi a cikin ƙwaƙwalwa. Manyan masana ba su gamsu ba da ya gabatar da batun a wani taro a Landan a 1960. A shekarar ce kuma Oleh Hornykiewicz, a birnin Biyana, ya auna ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu da cutar, ya tarar dofamin ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Zuwa 1967 George Cotzias a Amurka ya gano yadda za a riƙa ba da maganin ta baki, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan. Sai a 2000 Carlsson ya karɓi kyautar Nobel, ya rasu a 2018 yana da shekara 95.

Mako uku da fara shan ƙwayar lebodofa, Baba ya ɓalla maɓallin rigarsa da kansa. Mahaifiyarmu tana tsaye da tiren koko a hannu, sai hawaye. Ba warkewa ya yi ba, likita ma bai ɓoye mana ba: ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke samar da dofamin suna ci gaba da mutuwa, maganin cike gurbi kawai yake yi. Yanzu mun san lokacin da ƙarfin maganin ke sauka, mun kuma koyi ba shi kafin abinci, don nama da wake suna rage masa kaifi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, Malam Edita, shi ne maganin da ya haura shekara hamsin a duniya har yau sai na zaga kemis huɗu ko biyar kafin in samu, farashin kuma kullum gaba yake yi. In ya yanke na kwana biyu, Baba komawa yake kamar an ɗaure shi. Gidaje nawa ne a ƙauyukanmu ke da tsoho irinsa a kwance a ɗaki, ana cewa jifa aka yi masa?

Binciken ma bai tsaya ba, kuma da namu a ciki. A 2023 Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta sun gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga masu asalin Afirka, bayan nazarin jinin 'yan Nijeriya da baƙar fatar Amurka.

Roƙona biyu ne. Ranar 11 ga Afrilu ita ce ranar cutar Fakinsan ta duniya. Ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa ya yi wa masu karatu bayanin alamunta da Hausa. Sannan ku tambayar mana hukumomin lafiya dalilin da ya sa lebodofa ke wuyar samu haka.

Na gode.

Naku,
Ɗan wani tela, daga Zariya