Binciken al'adu da kwamfuta: a hannun wa alƙaluman suke?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan yadda binciken al'adu da harkar fim da waƙa da littattafai ya koma hannun kwamfuta, don na ga ɗalibai sun rungumi abin hannu bibbiyu ba ko tambaya.

Da can mai bincike tattara kayansa yake ya je ya tare cikin mutane, kamar yadda masanin al'adu Malinowski ya yi a tsibiran Trobriand da ke tekun Pasifik lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ya koyi yarensu ya ga komai da idonsa. Yanzu zamani ya canza. A ƙarshen 2010 masana a jami'ar Harvard tare da Google suka fitar da bincike kan littattafai sama da miliyan 5, wanda ba mahalukin da zai iya karance su ko da zai shekara dubu a duniya, suka kuma buɗe shafi a intanet inda kawai ka rubuta kalma sai layi ya fito ya nuna maka shekarar da ta fara tashe da lokacin da aka daina yayinta. Ba na raina wannan ko kaɗan.

Wanda ya fi burge ni ma shi ne gwajin da Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts na jami'ar Columbia suka wallafa a 2006. Shafi suka buɗe a intanet suka zuba waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a san su ba, mutum sama da 14,000 suka shiga, aka raba su rukuni-rukuni, wasu suna ganin sau nawa aka sauke kowace waƙa wasu kuma an ɓoye musu. To a inda ake ganin adadin, duk waƙar da ta ɗan fara samun shiga sai kowa ya bi ta ta tsere wa saura, kuma abin mamaki waƙar da ta yi zarra a wannan rukuni sai ka ganta can tsakiya a wancan. Masu daɗin gaske ba kasafai suke faɗuwa warwas ba, amma dai sa'a da bin yarima a sha kiɗa sun taka rawa sosai. Ka ga wannan ba abu ne da hira da mutum goma za ta nuna maka ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin alƙaluman nan a aljihun kamfanoni suke, abin da suka ga dama suke bayarwa. Netflix sai a Disambar 2023 ya fara fitar da cikakken rahoton awannin da aka kalli finafinansa, bayan yajin aikin marubutan Hollywood da suka matsa a kan maganar. A shekarar ce Twitter ya daina ba masu bincike bayanai kyauta, Meta mai Facebook kuma ya rufe CrowdTangle, manhajar da masu bincike suke bin diddigin abin da ke yaɗuwa a shafukansa da ita, a Agustan 2024. Spotify ba ya ƙirga an saurari waƙa sai ta kai sakan 30, wato ma'aunin ma su suka yanka shi, kuma mawaƙa sun san da haka suna gyara farkon waƙa don shi.

Sannan waƙar da ke yawo waya zuwa waya ta WhatsApp ko memori fa, wa ya ƙirga ta? Fim ɗin da mutum ashirin suka taru a kan allo ɗaya, kwamfuta mutum ɗaya ta gani. Shi kansa shafin na Google harsunan da ke ciki ba su kai goma ba, sauran kamar babu su.

Roƙona ga malaman jami'a su koya wa ɗalibai sarrafa bayanan nan, amma kada su sa hannu a kan kundin da mai shi bai taɓa zama da mawaƙi ko mai shirya fim ko ɗan kallo ya ji ta bakinsa ba. Ku ma Malam Edita, in za ku buga cewa waƙa kaza ta samu kallo miliyan kaza, ku riƙa gaya mana wa ya ƙirga kuma da wane ma'auni.

Na gode.

Naku,
Mai bibiyar jaridarku