Hayaƙin wutar daji a ƙirjin ƴaƴanmu yake sauka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Da damina ta ɗauke, daga Oktoba zuwa Disamba, sai labarin wutar daji ya fara fitowa daga Abalak, Tchintabaraden, Tassara da Tillia, a jihar Tahoua ta Nijar. Kullum abin da ake lissafawa shi ne ekar ciyawar da ta ƙone da dabbobin da za su rasa kiwo. Asara ce babba, amma hayaƙin ba a saka shi cikin lissafi, alhali yana cikin abubuwan da ke kawo masu tari asibitocinmu.

Canjin yanayi ya ƙara wa wutar abinci. Ruwa kan zubo da yawa cikin ɗan lokaci, kamar na 2024 da ya jawo ambaliya, ciyawa ta yi tsayi ta haɗe. Zafi kuma ya busar da ita cikin ƴan makonni. Daga nan guntun taba ko garwashin shayi da ba a binne ba ya isa, iskar hunturu ta ƙarasa aikin.

Toka da ido ke gani ba ita ce mafi haɗari ba. Cikin hayaƙin akwai ƙwayoyin da masana ke kira PM2.5, waɗanda gashin kai ya fi su kauri kusan sau 30. Hanci ba ya tare su. Sukan gangara har ƙarshen huhu, wasu su ratsa jini. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021, bai kamata su wuce maikurogiram 15 cikin kowace mita kubik ta iska a wuni guda ba. Da asubar sanyi iska ba ta tashi sama, sai hayaƙin ya kwanta kan gari, ya haɗu da ƙurar hazo da hayaƙin murhu. Lokacin ne kuwa yara ke tafiya makaranta.

Uwa ta ƙidaya numfashin ɗanta na minti ɗaya yana kwance lafiya lau, ba ya kuka. In ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirji na lotsawa, a kai shi asibiti ranar, kada a jira. Mai asma ya ajiye maganin shaƙarsa kusa. Rawani da mayafi suna rage rairayi kawai, takunkumin N95 ko FFP2 da ya kama fuska sosai shi ke tace ƙwayoyin. A rufe ƙofa da taga in hayaƙi ya taso, amma don Allah kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki: iskarsa ba ta da wari, tana kisa.

Roƙonmu ga magadan gari da ma'aikatar gandun daji shi ne a share hanyoyin tare wuta, masu faɗin mita 15 zuwa 20, tun ciyawa na ɗanye-ɗanye, a gitta su ga iskar arewa maso gabas. Inda aikin ke lalacewa wuri biyu ne: a makara sai Disamba, ko a bar ciyawar da aka share jibge a gefen hanya, wuta ta taka ta ta tsallaka. A kwashe ta, a ɗaure, a adana wa dabbobi don bazara.

Daga wasu ma'aikatan gandun daji da na kiwon lafiya, Tahoua.