Kuɗin Ciki a Wuraren Wasan Yara: Lissafin da Ake Bari Sai an Shiga Ƙofa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin iyaye a kan wani ɓangare na tafiyar hutu da ba a cika ba shi muhimmanci ba, wato kuɗin abin da za a ci a sha idan an kai yara manyan wuraren wasa, a cikin ƙasar nan ko a ƙasashen waje. A nan Zariya, da zarar an ba da dogon hutun makaranta ko Sallah ta ƙarato, za ka ji magidanta daga Samaru har Tudun Wada suna zancen kai iyali Ƙofar Gamji a Kaduna ko Magicland a Abuja, masu ƙarfin aljihu kuma suna ambaton Dubai ko Malesiya ko Amurka. Kowa zai iya faɗa maka kuɗin mota ko na jirgi, da na masauki, da na tikitin shiga, har da abin da aka ware wa tsaraba, amma da ka tambayi nawa aka ware wa ciki, amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Idan mun je can ma gani." A ganina wannan amsa ce take sa a dawo gida da bashi, ko kuma a wuni ana hana yara abin da idonsu ke gani, har daɗin tafiyar ya koma ɓacin rai.

Dalilin a fili yake. Wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari sayen shinkafa, idan farashin wannan rumfa bai yi masa ba sai ya matsa gaba, ya taya, a yi ciniki, in ya ga dama ma ya fasa sayen. A wurin wasa kuwa, da ka miƙa tikiti ka wuce ƙofa, duk mai sayar da abinci ko dai na masu wurin ne ko kuma haya yake biyan su, farashi a rubuce yake ba a tayawa, kuma kowa ya san ba za ka kwashi yara da tsakar rana ka fita neman mai rahusa ba alhali ka riga ka biya kuɗin wuni guda. Ba laifi nake ɗora musu ba, domin sana'arsu ke nan, kuma ba su ɓoye cewa sayar da abinci na cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu ba. Abin da ya rage shi ne magidanci ya san haka tun yana ɗakinsa.

Na ga wannan da idona a wani wurin wasa lokacin bikin Sallah. Wani bawan Allah ya tsaya gaban kanta da yara biyar, dukansu cikin sababbin kaya, ƙaramar tana riƙe da gefen rigarsa. Ya ɗaga kai ya karanta allon farashi, ya sunkuya ya duba waya, ya sake ɗaga kai, sannan ya ce a ba shi shinkafa faranti biyu da cokali biyar. Babban cikin yaran ya kawar da kai kamar ba tare suke ba. Can gefe, ƙarƙashin bishiya, wata uwa ta shimfiɗa dadduma ta buɗe kula mai cike da dambun shinkafa da zogale, ga soyayyen naman Sallah a roba, ga gorunan zoɓo da aka daskarar tun daren jiya suna narkewa a hankali, har ta yafito yaran wancan mutumin su zo su ci. Bisa ga sutura da motar da kowa ya zo da ita, mutumin bai gaza ta kuɗi ba. Ita dai ta tambaya tun kafin ranar ko ana barin shiga da abinci, aka ce mata ana bari, ta shiga madafa.

Wannan ita ce tambayar da ta kamata a fara yi, domin amsarta ce ke yanke kusan rabin kasafin, kuma dokar ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Walt Disney World da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, wanda aka buɗe a 1971, yana barin baƙi su shiga da abincinsu da abin sha marar barasa, muddin ba a cikin kwalbar gilashi yake ba kuma ba ya buƙatar a ɗumama shi. Maƙwabcinsa Universal ya fi shi tsanani, domin abin da yake bari bai wuce ruwan gora da ɗan abin taɓawa da abincin jarirai ko na marasa lafiya ba. Da yawa daga cikin wuraren wasan Dubai da Abu Dhabi su ma ba sa barin abincin waje sai na jarirai. Duk waɗannan dokoki suna nan a rubuce a shafukansu na intanet, kuma a kan canza su, saboda haka gara a duba ana saura 'yan kwanaki a tashi, maimakon a dogara da labarin wanda ya je shekara uku da suka wuce. A wuraren cikin gida kiran waya ɗaya ya isa.

Sai kuma lissafi, wanda ya kamata a yi shi da biro da takarda, mutum nawa, ci nawa a rana, kwana nawa. A ɗauka misali magidanci da matarsa da yara huɗu, a kuma ɗauka cewa kowane ci a kantar da ake karɓar abinci da hannu zai tsaya wa mutum ɗaya dala 15. Ci ɗaya dala 90 ke nan, ci biyu a rana dala 180, kwana biyar kuwa dala 900, ba a sa askirim da gugguru da lemo ba, waɗanda su ne yara suka fi nuna wa yatsa. Wannan adadi misali ne kawai, amma kowa na iya samun ainihin farashin, tunda manyan wuraren suna wallafa jerin abincinsu da kuɗin kowanne a manhajarsu ta waya. Mutum yana zaune a unguwar Kongo ko Kwangila a nan Zariya zai iya sanin kuɗin farantin kifi da dankali a Orlando kafin ya sayi tikitin jirgi.

A Amurka akwai ƙarin da mutanenmu ba su saba da shi ba, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Farashin da ke rubuce a allo ba shi ake biya ba, sai an ɗora harajin sayayya, wanda a gundumar Orange, inda mafi yawan waɗannan wurare suke, ya kai kashi 6.5 cikin ɗari. Idan kuma gidan abinci ne na zama, inda ma'aikaci ke kawo maka abinci kan teburi, al'adar ƙasar ita ce a ba shi tukuici na kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, kuma ba a ɗaukar wannan a matsayin kyautar ganin dama, domin a kansa ma'aikatan suka dogara. A gidajen abincin Disney World, idan kun kai mutum shida ba ma a jiran ra'ayinka, kai tsaye ake ɗora kashi 18 a kan takardar biya. To gidan Bahaushe nawa ne zai yi tafiya irin wannan bai kai mutum shida ba? Idan aka haɗa haraji da tukuici, abincin dala 200 ya doshi dala 250. Ga wani abin lura kuma: a tsarin Disney yaro shi ne mai shekara 3 zuwa 9, wanda ya cika 10 kuwa babba ne, a tikiti da kuma a gidajen abincin da ake biyan kuɗi ɗaya a ɗebi abin da ake so. Yarinyar da ba ta iya cinye rabin faranti a gida, can kuɗinta ɗaya da na mahaifinta. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa abin ya fi sauƙi, harajin kashi 5 ne tun daga 2018, kuma galibi yana cikin farashin da aka rubuta. Masu haɗa Umara da kai yara wurin wasa a Jidda su tuna cewa na Saudiyya kashi 15 ne tun 2020.

Hanyar da na ga ta fi rage nauyi ita ce a mayar da cin cikin wurin wasa sau ɗaya tak a rana. A karya kumallo da kyau a masauki, abinci mai riƙe ciki, a ci na rana a ciki, na dare kuma a ci a gari ko a dafa. Shi ya sa masauki mai ɗan madafa da firji, ko da ya ɗara ɗakin otal tsada kaɗan, yakan fi sauƙi ga iyali mai yawa, domin burodi da ƙwai da madara da shinkafa a manyan kantuna irin su Walmart a Amurka ko Lulu da Carrefour a Dubai ba su kai ko kusa da farashin cikin shinge ba. Amma kada a yi dabarar da za ta ci riba har da uwa. Wasu sukan ce za su fita su ci abincin rana a waje su dawo, tunda ana barin sake shiga a wuni ɗaya. A Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren wasan Disney World, tafki ne tsakanin ƙofa da inda ake ajiye motoci, sai an hau jirgin ruwa ko jirgin dogo kafin a isa mota, fita da dawowa za su cinye awanni daga wunin da aka saya da tsada. Haka wanda ya sauka a unguwar Deira ta Dubai, inda 'yan kasuwarmu suka saba kuma abincin Indiyawa da 'yan Pakistan yake da araha, ya sani cewa wuraren wasan da ke wajen Jebel Ali nesa suke ƙwarai, kuɗin tasi zuwa da dawowa zai iya haɗiye abin da aka tsimi a abinci.

Ruwa ya cancanci layinsa daban a takardar lissafi. Dogon hutunmu yana faɗawa daidai lokacin zafin Florida, a Dubai kuma zafin wannan lokaci yakan haura digiri 40, kuma yaro mai guje-guje ba ya ƙoshi da gora ɗaya. Kowa ya riƙe gorarsa da za a riƙa cikawa. A kantocin abincin Disney ana ba da kofin ruwan sanyi kyauta ga duk wanda ya nema, sai dai ba wanda zai yi maka tayi.

Batun halal ma yana taɓa aljihu. A Dubai da Abu Dhabi da Malesiya wannan ba abin damuwa ba ne sosai, amma a Amurka da Turai mafi arahar abincin da ke kan allo sau da yawa shi ne wanda Musulmi zai yi shakka a kansa, sai a koma ga kifi da ganye da taliya, ko a nemi gidan abincin da ke tanadar halal idan an sanar da su da wuri, wanda galibi irin na zama ne mai tsada. Wasu za su ce ai sai a tafi da kilishi da dambun nama daga gida. A tafiyar Kaduna ko Abuja ko Legas babu guzurin da ya fi su, tare da dabino da gyaɗa da cincin da dubulan, tunda ba sa lalacewa a zafi. Amma Amurka ta hana shiga da nama daga ƙasashe irin namu, ko busasshe ne, kuma wanda ya ɓoye bai bayyana wa jami'an kwastan ba yana iya fuskantar tara. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai su ma sun hana nama da kayan madara. Takaici ne a kashe kuɗi a yi kilishi mai kyau a gan shi a kwandon shara a filin jirgi.

Akwai kuma tsarin biyan kuɗin abinci a dunƙule tun kafin a je, wanda Disney ya dakatar a 2020 ya dawo da shi a Janairun 2024 ga masu sauka a otal-otal ɗinsa. Amfaninsa shi ne mutum ya san abin da ya kashe tun daga gida, amma ba lallai ya zama rahusa ba, domin tukuici ba ya ciki, kuma ga iyalin da ba kowane abinci suke ci ba da wuya su ci iya kuɗinsu. A lissafa a kwatanta kafin a saya.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a Yunin 2023, kasafin da aka yi da naira wata uku kafin tafiya ba abin dogaro ba ne. Gara a yi lissafin da kuɗin ƙasar da za a je, a saye shi a ajiye daban kamar yadda alhazai ke yi da kuɗin guzuri, a raba shi gwargwadon kwanaki, a ƙara wani abu a kai saboda larura. Dirhami, kuɗin Dubai da Abu Dhabi, a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a kowace dala ɗaya, don haka lissafinsa ba ya ba da wahala. Yaran da suka yi wayo kuwa, ni ina ganin a damƙa wa kowanne kuɗin kwalamarsa na ranar a hannunsa tun da safe, a gaya masa iyakarsa ke nan. Yaron da ke kuka a saya masa komai idan kuɗin a aljihun Baba yake, shi ne zai tsaya yana auna askirim da gugguru idan kuɗin nasa ne.

Ina kira ga kamfanonin shirya tafiye-tafiye da ke tallata hutun iyali a Kaduna da Kano da Abuja da su riƙa rubutawa ƙarara ko kuɗin da suka yanka ya haɗa da abinci, ci nawa a rana, da kuma dokar kowane wurin wasa game da abincin waje. Masu wuraren wasa na cikin gida su ma su kafa allon farashin abinci a bakin ƙofa, kusa da inda ake sayar da tikiti, yadda magidanci zai gani kafin ya shigar da iyalinsa.

Na gode da wannan fili da aka ba ni.

Naku,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Zariya.