Wasiƙa daga Hambug kan gyaran motar Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Baba da Umma da duk mutanen gida. Ya sanyi? Na san yanzu hunturu ya kankama, Kano ta yi fari fat da ƙura.

Na saurari saƙonka a kan Corollar Baba, cewa kana so ka riƙa gyara ta da kanka saboda kuɗin gareji ya ishe ka. Ban hana ka ba, sai dai lissafin da ka yi na nan Jamus ne. A nan awa ɗaya ta bakanike tana iya wuce Yuro 100, shi ya sa mutum ke kwanciya ƙarƙashin motarsa ranar Asabar. A gida ba kuɗin hannu ne ke cin aljihu ba. Abin da ke cinye mai mota shi ne baƙin mai na jabu, da kayan da aka ce an canza alhali ba a canza ba, da gyaran kirdado: a sa wannan, in bai yi ba a sa wancan, duk a kuɗinka. Don haka ƙananan ayyuka ka riƙe su a hannunka, ka san abin da ke shiga injin. Manyan kuwa ka kai gareji, amma ka tsaya a kai.

Juyen baƙin mai shi ne na farko. Motar ƙirar 2005 ce, injinta 1ZZ-FE mai lita 1.8, kuma man da kamfani ya ce a zuba mata 5W-30 ne. Ka saya a wurin dila, jarka a rufe da hatiminta, ba na awo a bakin titi ba. Ka tayar da mota ta yi minti biyar don man ya saki, ka kashe. In ka ɗaga ta, kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai. Ka tokare ta da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a bayan taya. Bulon siminti yana dagargajewa ba sallama. Notin ƙasan inji, inda man ke fita, sifana mai lamba 14 ke kwance shi. Ka bar man ya tsane sarai, sannan ka cire filta. Duba ka gani ko tsohuwar robar filtar ta maƙale a jikin inji, domin in ka ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu ba sa riƙe mai, kafin ka kai Zariya ya tsiyaye, inji ya buga. Shafa wa sabuwar robar ɗan mai da yatsa, ka ɗaure da hannu kawai. Notin ƙasa ma ka sa masa sabon washa, kuma ban da taka sifana da ƙafa, zaren yana cinyewa. Zuba lita uku da rabi, ka tayar, ka kashe, ka jira minti biyar, ka zaro geji ka ƙarasa. Kusan lita huɗu take sha. Da zafinmu da ƙurarmu, kada ka wuce kilomita 5,000 ba ka yi juye ba, kuma ka riƙa duba geji duk Juma'a, don wannan injin in ya tsufa yakan sha mai a ɓoye.

Tsohon man kada ka zuba a kwata. A nan doka ta tilasta wa wanda ya sayar maka da mai ya karɓi tsohon. A gida ka juye shi a jarka ka kai gareji.

Filtar iska ba ta buƙatar sifana ma, maƙalai kawai za ka ɓalle. Ka ɗaga ta saitin rana, in haske bai ratsa ba ka sayi sabuwa. Ba a wanke ta da fetur. Fulogi huɗu ne, kowane da kwayil mai ba shi wuta a kansa da noti mai lamba 10, shi kuma fulogin soket mai lamba 16. Sai inji ya huce, kuma ka fara murza sabon da hannu kafin ka sa ƙarfe, saboda kan injin alminiyam ne, in zaren ya karkace aikin ya fi ƙarfinka. Batir kuwa, wayar da ke da alamar ragi ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Duk bakaniken da ya ce a cire tamostat wai don ƙasarmu akwai zafi, a haɗa fanka kai tsaye, ka ce masa ka gode. Tamostat ɗin tana buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinta ta riƙe injin a zafin da aka ƙera shi a kai. In babu ita, inji kan daɗe bai ɗau zafi ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, ka ga mota tana shan mai kamar rijiya, fulogi na yin baƙi. Mota in tana tafasa, akwai dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ba ta tashi, ko famfon ruwa na yoyo. Shi za a nema. Kuma ruwan rijiya da na leda su ne ke haifar da tsatsa da ƙanzo a ciki. Ka zuba ruwan lagireto na gaskiya. Murfin kuma ba a buɗe shi da zafi, yana saɓule fatar fuska.

Birki, da giya, da ƙafafu, da wayarin, bar wa masu su. Ba wai canza takalmin birki na da wuya ba ne, a'a, kuskurensa ne ba ya ba da damar gyara, kuma Umma ake ɗauka a motar. Abin da ke naka shi ne ka duba ruwan birkin da za a zuba, DOT 3 ne, man giya kuma T-IV. Wani man daban yana sa giya fizga.

In wutar inji ta kama a gaban sitiyari, kada ka yarda a taɓa komai sai an sa mata kwamfuta, kuma ka rubuta lambar da ta fito da hannunka. Irin wannan motar ta saba fitar da P0171, wato iska ta yi wa fetur yawa. Yawanci gasket ɗin bututun shigar iska ne ya saki, ko na'urar auna iska da ke kusa da filta ta yi ƙura. Kada a sa ka sayen famfon mai kafin a duba waɗannan biyun.

Kaya ka je Ƙofar Ruwa da kanka, da tsohon a hannu don gwadawa. Kwayil ɗan Beljiyam na asali ya fi sabo mai arha, amma filta da fulogi da takalmin birki sababbi kawai. Duk abin da aka cire a ba ka shi a leda. Kuma ka sa ido a kan salansa, akwai abin nan da ake kira indomi a ciki, yana da tsada, ba a barin mota ta kwana a garejin da ba a sani ba.

Ka turo min hoton kilomitan da ke kan mita, da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba mai awon iskar taya. Soket da sifana zan ba mai zuwa ya kawo maka. Ka gaida Baba da Umma, ka ce su ci gaba da sa ni a addu'a.

Naka,
Yayanka