Wasiƙa: A Duba Kafin a Mayar da Makullin Mota Maɓalli

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin masu mota kan yayin da ake yi na cire makulli a sa maɓallin tayarwa da rimot, musamman a Corolla da Camry da Accord 'yan Kwatano. Na'urar tana aiki lafiya idan an haɗa ta daidai. Ɓarnar tana wurin abin da ake tsallakewa don a sallami mai mota da wuri.

A bayan ramin makulli akwai wayoyi masu kauri: mai ɗauke da wutar batir volt 12 a kullum, ta rediyo, ta wutar inji (a wasu motocin biyu ce), sai ta kik. Su akwatin na'urar yake karɓa. Da mitar auna wuta ake gano kowace, ba da launi ba, domin launin Toyota daban, na Honda daban. Idan aka manta wayar inji ta biyu, mota tana iya tashi amma fankar esi ta ƙi juyawa, ko fitilun gargaɗi su cika dashbod. Kafin a yanke komai a cire kan batir mai alamar ragi, a jira minti 3, kuma kada a soka ƙwan gwaji a wayoyi masu rawayar riga, na jakar iska ne, wadda ke kumburowa ta kare mutum idan an yi haɗari. A like haɗi da dalma, a sa fiyus na amfiya 30 kusa da inda aka ɗauko wuta. Murɗa waya a naɗe da salatif ba aiki ba ne, zafin Afrilu yana narkar da gam ɗin.

Babbar maganar ita ce tsaro. Yawancin motocin nan suna da 'yar ƙwayar lantarki mai ɗauke da lambar makulli a cikin kan makullin, da zobe a bakin rami mai karanta ta. In ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ba ta gane lambar ba, inji ba zai kama ba. To maɓalli ba shi da wannan ƙwaya. Hanyar arha ita ce a ɓalle ta daga makulli a manna jikin zoben, sannan a karya makullin sitiyari ko a bar guntun makulli a murɗe a rami. Wanda aka yi wa haka ya sani an kwance wa motarsa tsaro biyu a rana ɗaya, duk wanda ya iya haɗa waya zai tafi da ita. Akwai ƙaramin akwati da ke miƙa wa ƙwaƙwalwar lambar makulli lokacin tayarwa kaɗai. Ya fi tsada, amma shi ya kamata a saya, a kuma ƙara ɓoyayyen makunni da ke yanke wutar famfon mai.

Tayarwa daga nesa kuwa, shawarata kada a sa wa mota mai kuloci. Direbobinmu sun saba barin mota a giya, ana danna rimot sai ta zabura ta bugi bango ko yaro. A mai otomatik dole a haɗa wayar birki, da makunnin bonet don kada inji ya tashi hannun bakanike yana kan bel, da wayar da ke shaida wa na'urar inji ya kama. In babu ta ƙarshen, kik zai ci gaba da gurzar filawil, wato faifan ƙarfe mai haƙora da yake juyawa don tayar da inji. Kada kuma a tayar da mota a rufaffen gareji, hayaƙin salansa yana kisa kamar na janareta.

Kafin a biya kuɗin aiki, mai mota ya gwada da kansa. Ya ɗaga bonet ya danna rimot, bai kamata ta tashi ba. Ya tayar daga nesa, ya ajiye rimot can gefe, ya taka birki, dole ta mutu. A auna wutar da take sha bayan an kashe komai an jira ta lafa. In ta haura miliamfiya 50 sosai, batir zai riƙa kwana babu caji. A ƙarshe ya riƙe makullin ƙofa na ƙarfe a aljihu, domin ranar da batirin rimot ya ƙare, yawanci CR2032 ne, shi zai buɗe masa mota.

Daga wani mai wayarin mota, Kaduna.